Addu'ar Wutar Baba Anselme

"Ta sake rufe tagar," in ji Odile, hancinta manne da labule. "Da rana tsaka! Me ake ɓoyewa a ɗakin mara lafiya?"

"Ƙudaje," in ji mijinta Firmin daga kan kujera, muryarsa a shaƙe. "Zo ki zauna, don Allah."

Ina fa zama! Odile mace ce da ko burodi ta saya sai ta juya shi ta duba ƙasansa. Tun da dangin Baba Anselme suka ɗauko masa mai jinya, wata 'yar Fotugal wai ita Deolinda, hankalinta bai kwanta ba.

Baba Anselme shi ne mai kashe wuta na ƙauyen. Duk wanda ya ƙone wurinsa ake kai shi, ya motsa leɓe da addu'ar Waliyyi Loran, wanda aka gasa a kan garwashi saboda imaninsa, ya hura wurin, zafin ya kwanta. Ko ƙwai ba ya karɓa, kuma ba a yi masa godiya, don an ce godiya tana karya addu'ar. Mutum ɗaya tak ake raɗa wa ita kafin a mutu. Odile ta daɗe tana cewa bokanci ne aka yafa wa rigar coci. Sai ga Firmin da ciwon daji a maƙogwaro, ana yi masa gashi da na'ura a asibiti, yana dawowa da wuya jawur, ba ya samun sauƙi sai tsohon ya hura. Yanzu tsohon na kwance, gashin kuwa da saura.

Ta zuba miyar dankali a kwano ta tsallaka titi.

"Yana barci, Madam," in ji Deolinda a bakin ƙofa.

"Sai ya tashi," ta ce, ta raɓa ta wuce.

Ashe tsohon idonsa biyu. Nata idon kuwa kan kantar ɗakin ya sauka, inda mutum-mutumin waliyyin yake tsaye tun tana yarinya. Babu shi, sai shatin gindinsa a cikin ƙura.

"Baba Anselme, ina waliyyinka?"

"Ya tafi aiki."

"Sace shi dai aka yi!" Ta rage murya. "Baƙuwar nan gidan ma so take, ka sani ko? Kai dai ka ba ni addu'ar nan saboda Firmin."

"Ke da kika ce ni boka ne?"

"Na ce. Ba ni duk da haka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "In ba ki? Kafin Lahadi duk masu layin burodi sun haddace ta." Ya huta kaɗan. "Waliyyai suna can cikin ɗaukaka, 'yata, Fada na coci zai gaya miki. Amma a ƙauyen nan ba su da hannu sai na aro."

"Hannun wa?"

Ya lumshe ido. Tsoro ya kama ta sosai, ta fito ko kwanon ba ta ɗauka ba.

Ran Alhamis da safe, bayan Fada ya shafa masa man addu'ar ƙarshe, Baba Anselme ya cika. A maƙabarta Odile ta ce a duba jakar baƙuwa kafin ta hau jirgin ƙasa, kuma ta faɗa yadda kowa zai ji. Deolinda ta ƙanƙame jakar, ba ta ce uffan ba. Odile ta ɗauki shirun a matsayin shaida.

Washegari motar asibiti ta dawo da Firmin. Man da likita ya bayar bai yi komai ba. Yana zaune ya riƙe gefen tebur, hawaye na zuba, ƙaton mutumin da ya yi rayuwarsa yana yankan katako.

Aka ƙwanƙwasa. Deolinda ce, da jakar. Ta buɗe, ta fito da Waliyyi Loran ta ajiye tsakanin kwalaben magani.

"Baba ya ce nan zai zauna har a gama gashin," ta ce. "Kuma ya hana ni faɗa sai ya tafi."

"To tagar fa?"

"Addu'ar yake koya mini, ta ƙi zama a kaina, Faransancin tsofaffi ne. Shi ya ce in riƙa rufewa, wai kunnen Madam har bango yake fasawa."

Ta durƙusa gaban Firmin. Leɓunanta suka motsa, ta hura wuyan a hankali, ta sake hurawa. Can sai yatsunsa suka saki tebur.

Kunya ta rufe Odile. Ta buɗe baki. "Na go..."

Firmin ya damƙe hannunta, ta haɗiye sauran.

Ta daɗe tsaye, ba ta san inda za ta sa kanta ba. Daga baya ta ɗauki waliyyin, ta goge masa ƙura da gefen rigarta, ta ɗora shi a kan tagar da take leƙe, ta saki labule.