Amsa Ta Biyar

Oforiwaa tana tsaka da cin dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa cikin ganye, da kifi a gaban kwamfuta amsa ta biyar ta shigo. Ta goge hannu, ta ɗaga murya ta kira abokin aikinta.

"Takyi! Nsuakrom sun cika!"

Wata biyu ke nan tana wannan aiki a wani ɗakin ofis da ke Kumasi: tura wa ma'aikatan lafiya tambayoyi ta waya kan allurar rigakafin mura mai tsanani. Allurar kyauta ba ta da yawa, shi ya sa aka ce sai asibitin da aƙalla rabin ma'aikatansa suka amsa za a kai wa. Ƙaramin asibitin Nsuakrom mutum tara ne. Huɗu suka amsa tun makon farko, sauran suka yi kunnen uwar shegu, ga shi yau ƙarfe huɗu za a rufe. Duk Litinin kwamfutar da kanta take tura wa wanda bai amsa ba saƙon tuni, har da sunansa.

"Wace mai tsoron Allah ce ta tausaya miki?" in ji Takyi.

"Sista Boatemaa. Sau shida na tura mata, sai yau ta ga dama. Manyan mata ke nan."

Ba ta rufe baki ba wayar ofis ta yi ƙara. Muryar dattijo ce, a dishe.

"'Yata, ku ne masu saƙon allura?"

"Mu ne, Kawu. Da wa nake magana?"

"Amoako, mijin Boatemaa. Na cika muku takardar. Don Allah ku daina turo mata."

"Ai Kawu ita ya kamata ta cika da hannunta."

Tana jin kaji na kuka a bayansa, sai ya ce:

"Sati biyar ke nan tana ɗakin ajiye gawa. Dangi ba su tsayar da ranar jana'iza ba tukuna. Mura ce ta sauka mata a ƙirji, kwana tara kawai ta yi. Wayar tana wurina, ban iya kashe ta ba. Duk Litinin sai ta yi ƙara, in duba, in ga an ce Sista Boatemaa, har yanzu ba ki amsa ba."

Oforiwaa ta ture abincin gefe. Ita ta rubuta wannan jimlar, har tana alfahari da ladabin da ke cikinta. Ta yi masa ta'aziyya, ta ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya ajiye.

Ta buɗe amsar. An yi miki allurar bana? A'a. Me ya hana? Ba a kawo ba. In an kawo za ki yi? Nan dattijon ya rubuta: Da ta yi.

"Bar shi kawai," in ji Takyi, ya rage murya. "Wa zai sani? Mutum takwas na can da ransu, suna shaƙar tarin jama'a. Ki goge, ki hana su?"

"Amsar gawa zan kai wa shugaba?"

"Gawar ma ai gaskiya ta faɗa."

Ta koma kallon kwamfutar. Har ƙarfe uku da rabi tana zaune, abincin ya huce, ƙudaje sun same shi. Tausayin mutum takwas ɗin nan ya cika ta, ga kunyar tsohon. Amma in ta bar amsar, sunan Boatemaa zai zauna cikin masu rai, ranar da allura ta iso kwamfuta ta sake tura mata saƙo: Sista, ki zo a yi miki.

Ta goge amsar. Nsuakrom ya koma huɗu cikin tara, layinsa ya yi ja. Takyi ya yi tsaki, ya juya mata baya.

Sai ta buɗe jerin ma'aikatan, ta nemo sunan, ta cire shi don kada wayar can ta sake ƙara ranar Litinin. Kwamfutar ta ɗan tsaya, ta sake lissafi. Huɗu cikin takwas. Layin ya koma kore.

"Kai!" in ji Takyi da ya waiwayo. "Ashe sun samu!"

Oforiwaa ta rufe jerin ma'aikatan. Ta naɗe sauran abincin cikin ganyensa, ta jawo wayar ofis, ta nemo lambar dattijon. Ta daɗe tana kallonta, ba ta san yadda ake gaya wa mutum irin wannan albishir ba.