Makiyayar da Aka Kewaye da Waya

Tun Saveta tana amarya, kowace safiya makiyayin ƙauyensu, can gefen kogin Prut, yake busa ƙaho, kowa ya buɗe ƙofa, shanu su fito su bi shi makiyayar gari. Da yamma kowace saniya ta dawo ƙofar gidansu da kanta. Bana kuwa aka wayi gari an zagaye filin da wayar lantarki.

Wai gwamnati na ba da tallafi ga duk mai kula da makiyaya, shi ne ciyaman ɗin ƙauyen ya ba surukinsa hayar filin kacokan. Mutumin da ko kaza ba ya kiwo! Aikinsa kawai ya turo tarakta ta aske ciyawar don masu duba fili su gan shi fes, a bar ta nan ta ruɓe.

Saveta gwauruwa ce, saniyarta ɗaya, Joiana. Da nonon saniyar take cin tuwon masara, da cukunta take samun magani. Yanzu haƙarƙarin dabbar duk a waje, ga sanyi na tafe, rumbun ciyawa wayam. Ranta ya ɓaci iya ɓaci. Ta saɓi manjagara ta nufi ofishin ciyaman.

"Kai, Costel!" ta daka masa tsawa tun daga ƙofa. "Ban zo roƙon fili ba. Ciyawar da kuka zubar nake so in kwashe."

"Haba Inna Saveta, zauna mana," in ji ciyaman. "Doka ce. Filin yanzu yana da mai shi, in kin shiga kin yi sata."

"Sata? A filin da uwarka ta yi kiwo? Da nonon garken nan aka yaye ka, marar kunya!"

"Inna, zamani ya wuce saniya ɗaya. Ga madarar kwali nan a kanti."

"Kai za ka saya min, ko surukin naka mai kiwon iska?"

Ya yi murmushi kawai, ya jawo wayarsa ya hau latse-latse.

Ta fito tana zaginsu har kakanni. Tana shan kwanar layinsu ta hango motar mahauta tsaye a ƙofar gidanta, har an sauke matakalar hawar da dabbobi. Direban ya cire hula da ladabi.

"Ciyaman ne ya kira mu, Inna. Ya ce a taimaka miki."