Zarton Baba

Kowace safiya, kafin ya buɗe shago, kafinta yakan zauna a bakin gadon mahaifiyarsa ya karanta Littafi Mai Tsarki, matarsa na gefe a kan kujera. Shekara huɗu ke nan da Mama ta daina gani. Wani kati suke bi da aka raba a coci, kowace rana da babinta da ɗan akwatinta. In ya gama sai ya zaro fensirin aiki daga bayan kunne ya soke akwatin.

Ranar Talata katin ya kawo su labarin wa da ƙane da suka daɗe a rabe, suka haɗu a hanya, suka rungumi juna suna kuka. Ya san labarin sarai. Ya lashi yatsa, ya haɗa takarda biyu ya juya, ya soke akwatin, ya kama babi na gaba da ƙarfin murya.

"Tsaya," in ji Mama. "Takarda biyu ka juya."

"Haba Mama, mannewa suka yi."

"A watan jiya ma sun manne. Duk inda aka zo maganar ɗan'uwa, nan suke mannewa. Idona ne ya mutu, ba kunnena ba."

"Baban yara, ko tabarau za mu yanka maka?" in ji matarsa tana dariya. Da ta ga fuskarsa sai ta haɗiye sauran.

Mama ta lalubo gwiwarsa ta dafa. "Ɗana, ka yafe wa Auta mana. Ko ya ɗauka, zarto ne fa. Ƙarfe ne da itace."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Zarton na mahaifinsu ne, shi ya sassaƙa ƙotarsa da hannunsa. Bayan rasuwarsa kafinta da ƙanensa Auta suka ci gaba da aiki a shago ɗaya, har ranar da aka nemi zarton aka rasa. Kafinta ya kira Auta ɓarawo a gaban masu kawo aiki. Auta ya kwashe kayansa ya kama shago a tsallaken titi. Bayan wata biyu kafinta yana gyara katakai sai ga zarton a bayansu, jikin bango. Shi da kansa ya rataye shi a nan, ƙusar ce ta fita. Ya naɗe shi a buhu ya tura ƙarƙashin teburin aiki, yau shekara biyu.

Ya sha yi wa kansa shari'a yana goge katako. Yakan ce shiru ba ƙarya ba ne. Yakan ce tsallake babi ba sauya maganar Allah ba ne, tunda bai ƙara ko harafi ba. Amma ga makauniya tana roƙonsa ya yafe laifin da ba a yi ba, ga kuma fensirinsa ya shaida cewa ya karanta abin da bai karanta ba.

"Mama, bai ɗauka ba," ya ce. Muryarsa kamar ta wani. "Yana shagona. Tuntuni na gan shi."

Ta janye hannunta a hankali. Ba ta yi faɗa ba. Matarsa ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

"Goge abin da ka soke," in ji Mama can.

Fensirin kafinta ba shi da magogi. Da yatsa ya murza, akwatin ya yi baƙi ƙirin.

Ya je shago ya ɗauko buhun. Titin taku ashirin ne, amma sai da ya jiƙe da gumi kafin ya tsallaka. Auta yana buga ƙafar kujera, da ƙusoshi uku a bakinsa. Ya tofar da su a tafin hannu.

"A'a, Yaya! Yau kuma me ya ɓace?"

Kafinta ya warware buhun a kan teburin. Auta ya daɗe yana kallo. Ya shafa ƙotar, ya bi haƙoran da babban yatsa.

"Wannan ba tsatsar jiya ba ce."

"A'a. Bayan tafiyarka da wata biyu na gan shi. Ni na rataye, ya faɗi bayan katakai. Na yi maka ƙazafi, Auta, kuma na bar shi a kanka."

"Ka san har yau akwai masu ƙirga kayansu in na shiga gidansu aiki?"

Kafinta ya kasa ɗaga ido. Babu runguma, babu kuka irin na labarin. Auta ya ɗauko tsumma da mai ya fara goge zarton.

"Ƙarfe nawa kuke karatun?"

"Shida."

"Zan zo, saboda Mama. Amma a gaban mutane ka faɗa, Yaya, a gabansu za ka janye."

"Zan janye."

Ya tsallako ya dawo. A ƙofar shagonsa mutum biyu na jira, ɗaya da karyayyen benci. Ya gane shi: yana nan ranar da aka kira Auta ɓarawo.

"Kafin mu duba bencin," in ji kafinta, "zauna, ina da magana."