Koren Mayafi

Karo na uku ke nan tsohon direban yana kaɗa gwangwanin hatsi a tsakar gida, amma kurciyoyin nan ko gezau. Suna jere a kan wayar lantarki, suna leƙo shi da ido ɗaya kamar fasinjojin da ba su yarda da mota ba. Ya watsa, ya ja da baya har gindin famfo, ya jira. Ba wadda ta sauko.

Shekara goma sha ɗaya matarsa ce ke ba su. Da ta fito da safe za su rufe ta, wata har kan kafaɗarta take sauka. Shi kuwa aikinsa mita: ana ɓarnar hatsi, ana ɓata masa gilashin mota da kashi. To, yau ga shi da gwangwani a hannu yana lallashi.

Kwana tara ke nan da sallamo ta daga asibiti, ɓarin jikinta na dama a shanye. Ya ja mata gado zuwa bakin taga. Magana sai da ƙyar, abinci kuwa ta kulle baki. Jiya nas ɗin da ke zuwa duba ta ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: in aka kai jibi ba ta ci ba, sai a mayar da ita a sa mata roba ta hanci. Abin da ta fi tsoro ke nan, don ta ga an yi wa maƙwabciyar gadonta. Ya yi roƙo, ya yi faɗa, ya kira 'yarsu ta yi kuka a waya, cokali dai bai wuce leɓe ba. Abu ɗaya ya lura da shi, kullum idonta yana kan wayar lantarkin. Sai ya sa a ransa in ta ga tsuntsayenta sun ci, ita ma za ta ci.

Telan da ke maƙwabtaka da su ya leƙo ta kan katanga, ya ce ai tsuntsu ba fuska yake ganewa ba, kaya yake ganewa. Direban ya ce masa ya koma kan kekensa, ba a tambaye shi ba. Amma telan na ɓacewa ya shiga falo, ya zaro koren mayafin da take fita da shi kullum daga bayan ƙofa.

Mutumin da ya yi shekara talatin yana jan babbar bas, ga shi ya lulluɓe farin gemu da mayafi, ya zura silifas ɗinta, duddugensa a waje. Kunya kamar ya nutse. Ya ɗan duƙa yadda take yi, ya taka a hankali, ya kaɗa gwangwanin sau biyu.

Ɗaya ta sauko. Sai biyu. Kafin ya ankara tsakar gida ya cika da kaɗawar fukafukai, wata ma ta dira a kafaɗarsa, yana jin faratanta ta cikin mayafin. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya sulale ɗaki, ya ɗauki kwanon abincinta.

"Kin gani, Hajiya? Duk sun sauko."

Ta daɗe tana kallon mayafin. Bakinta ya motsa, ya kai kunnensa kusa.

"Na gani," ta ce, kalmomin suna fita a karkace. "Ashe mayafin suke bi... ba ni ba."

Sai yanzu ya gane. Duk kwanakin nan ba so take su sauko ba. Ƙin saukowar take kallo, tana jin akwai masu jiran ta tashi. Ya ce ba haka ba ne, ya ce yunwa ce kawai ta ci ƙarfinsu, ya rantse. Ya miƙa cokali. Ta juyar da kai bango.

Ya cire mayafin, ya rasa inda zai ajiye shi, ya bar shi a bakin gado. Ya fita tsakar gida da rigarsa, kansa a buɗe, ya tafa hannu da ƙarfi, ya kore su.

Suka ɗan tashi sama, suka dawo kusa da ƙafarsa, suka ci gaba da ci.