Tayar Hagu ta Tirelar Kyaftin

'Ya'yana biyu sun daina magana da juna tun kafin damina, kuma a gareji ɗaya suke aiki. Wanda bai haifa ba zai ce ai wannan ba zai yiwu ba. To, ya yiwu, ni ce shaida, domin ina zaune a ɗan shagon da ke bakin garejin ina sayar da noti da giris da bawul, ina kallonsu suna wuce juna kamar ba nono ɗaya suka sha ba.

Abin da ya haɗa su bai taka kara ya karya ba. Babba ne ya buge hannun Auta a gaban wani baƙo, ya ce masa, “Matsa, yaro, ba haka ake yi ba.” Yaron nan kuwa yana da mata da 'ya'ya, har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Auta ya haɗiye maganar, daga ranar bai sake ce wa yayansa ko sannu ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kukan gaske na yi na ƙarya, duk suka yi kunnen uwar shegu da ni. Taurin kan nan na ubansu ne, Allah ya jiƙansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Marigayin ya bar musu ƙa'ida guda a kan taya: wanda ya ɗaura ba shi ke matsewa ba. Ɗaya zai sa taya, ya kama notinan da yatsu tun mota na kan jak, ya sauke ta. Sai ɗayan ya zo da doguwar sifana ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya matse da ƙarfinsa. Da can da baki ake yi. Auta zai ɗaga murya, “Yaya, na sauke!” Babba ya amsa, “Ga ni nan.” Da gaba ta shiga, sai suka mayar da sifanar ɗan aike. In Auta ya gama nasa, sai ya jingina ta a jikin tayar ya yi gaba. In Babba ya matse, sai ya mayar da ita ƙusarta a bango. Ba wanda ya zauna ya tsara musu wannan, haka nan abin ya zama, kuma ya daɗe yana tafiya daidai har ni ma na daina tsoronsa.

Wata safiya Kyaftin ya jawo mana tirelarsa. Ba tirelar dakon kaya nake nufi ba, 'yar ƙarama ce mai taya biyu, irin wadda ake ɗora kwalekwale a kai a ja da mota zuwa bakin ruwa. Shi kuma Kyaftin bai taɓa tuƙa jirgin kowa ba. Tsohon ma'aikacin ofis ne da ya yi ritaya ya sayi kwalekwale mai inji, ya sayi farar hula, mutanen layinmu suka laƙaba masa sunan. Mutum ne mai tsafta har ta yi masa yawa. In ya zauna a bencina sai ya jera min gwangwanayen giris, manya a baya, ƙanana a gaba.

Tirelar ta sha zama a ƙarƙashin bishiya, kwalekwalen na kanta. Tayoyin sun tsattsage a gefe kamar kaushin ƙafa. Da Auta ya juya ta hagu da hannu sai ta yi gurnani, da ya buɗe cibiyarta kuwa giris ɗin ya fito fari fat, ya zama kamar kindirmo.

“Ruwa ya sha,” in ji Auta. “Kyaftin, kana isa tafki kake tura ta ruwa da zafinta, ko?”

“To me zan jira?”

“Ka jira ta huce. Ƙarfe mai zafi in ya ji sanyi zuƙar ruwa yake yi. Boris ɗin nan duk ya mutu.”

Notinan sun ci tsatsa, sai da aka jiƙa su da mai aka yi ta dukan sifana kafin su saki. Auta ya canza boris, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, ya cika sabon giris, ya sa sababbin tayoyi. Babba ya matse ta dama tun da hantsi. Ta hagun ce ta ba da wahala, ba ta shiga ba sai da rana ta take.

Tun da ya gama da ta dama, Babba yana gaban tirelar yana fama da ƙugiyar da ke riƙe hancin kwalekwalen. Ta tsage, kuma babu irinta a shagona. Ya cire ta, ya jefa a aljihu, ya hau babur.

“Inna, zan leƙa kasuwar 'yan ƙarfe. Yanzu zan dawo.”

Auta bai ji wannan ba, yana tsugune a ɗaya gefen. Ya sauke jak, ya jingina sifana a tayar hagu, ya zagaya baya wanke hannu. Ni kuma wata mata ta tsare ni a cikin shago tana neman bawul ɗin keken ɗanta. Abin da ya biyo baya daga bakin Kyaftin na ji shi, bayan komai ya riga ya faru. Ya zo zagaya tirelarsa, ya yi tuntuɓe da sifanar, ta faɗi. Ya ɗauka, ya goge ta da hankicinsa, ya duba bango ya ga ƙusa guda babu komai a kanta, ya rataye ta a wurin. A ganinsa ya kyauta.

Auta ya dawo ya ɗaga kai ya dubi bango. Na ga lokacin da ya duba, na ga ya gyaɗa kai.

Hadari ya fara haɗowa daga gabas, iska ta tsaya cak. Kyaftin ya shiga duba sama yana duba agogo. Shi dai a kai kwalekwalen rumfarsa ta bakin tafki kafin ruwa ya sauko, don hanyar gangare ce, in ta jiƙe ba ta biyuwa da kaya a baya.

“A jira ƙugiya mana,” na ce.

“Inna, igiya ma ta isa,” in ji Auta. Ya ɗaure hancin kwalekwalen da igiya, ya ja ya ga ta kama. “Ni zan zauna a ciki in sa mata ido. In ta sassauta sai in yi wa Kyaftin ihu ya tsaya.”

“A cikin kwalekwalen? A kan titi? Kai kifi ne?”

Ya yi dariya. Na san abin da ke ransa, so yake yayansa ya dawo ya tarar an gama aiki babu shi. Ya haye, ya zauna a kan katakon tsakiya ya riƙe igiya, yana ɗaga wa masu shagunan layi hannu suna yi masa tsiya. Jikina bai ba ni ba, amma na ɗauka igiyar ce ke damuna. Suka fita a hankali, sababbin tayoyin suna sheƙi.

Ban san iya lokacin da ya wuce ba, na dai sallami mutum biyu ko uku. Sai ga Babba da sabuwar ƙugiya a leda. Ya tsaya a inda tirelar take ɗazu, yana kallon tabon mai a ƙasa.

“Ina suke?”

“Sun tafi. Ƙaninka ya ɗaure da igiya.”

“Wa ya matse ta hagu?”

“Ba kai ba?”

Ya juya ya dubi bango, na bi idonsa, ga sifana a rataye. Na taɓa ganin Babba cikin fushi, na gan shi ranar da aka binne ubansa, amma ban taɓa ganin fuskarsa ta yi irin wannan ba.

“Auta yana ina, a mota?”

“Yana cikin kwalekwalen.”

Ledar ta faɗi daga hannunsa. Ya zaro waya ya kira ƙaninsa, ta yi ƙara biyu aka katse. Ya sake kira aka sake katsewa. Ya kira Kyaftin, ta yi ta ƙara har ta gaji, domin Kyaftin ba ya taɓa waya in yana tuƙi, a aljihun mota ma yake kulle ta.

“Kira Auta da taki, Inna. Zai ɗauka.”

Na kira. Ya ɗauka kuwa, ina jin iska tana kaɗawa a bayansa. “Inna, lafiya? Mun kusa fara gangara.” Kafin in buɗe baki Babba ya fizge wayar.

“Kai! Saurara, ka ce masa...”

Auta na jin muryar ya kashe. Muka sake kira, bai ɗauka ba. Muka sake, sai aka ce wayar a rufe take.

Babba ya tsaya da wayata a hannu kamar ya manta amfaninta. Ban zage shi ba, babu lokacin zagi. Ya ciro sifanar daga bango, ya soke ta a bayan babur. Na ɗaure zanina na haye bayansa, ban ko rufe shago ba. Ya buɗe baki zai hana ni, na ce, “Ja mu tafi, kafin in ci mutuncinka.”

Rabona da hawa babur har na manta. Muka bar gari, gidaje suka ƙare, aka shiga gonaki. Sama ta yi baƙi ƙirin, ba a fara ruwa ba tukuna, sai ɗigo ɗai-ɗai mai nauyi da ke dukan fuska. Ina ta addu'a a bayan wuyansa. Ina gaya wa kaina ai Auta yana da ƙarfin yatsu, wataƙila ya kama su sosai. Wataƙila Kyaftin, da yake ba ya gudu, zai ji motsi ya tsaya.

Daidai inda hanya ta fara gangarawa Babba ya taka birki. Ya sa ƙafa ya taɓa wani abu a gefen kwalta, ya sunkuya ya ɗauka. Noti ne, da man da aka jiƙa shi da safe a jikinsa. Ya nuna min a tafin hannu, ya ja babur. Can gaba muka wuce wani notin, wannan karon ko tsayawa bai yi ba.

Tayar muka fara gani, ita kaɗai, kwance a cikin ciyawa, sabuwa ful. Daga nan wani dogon zane ya fara a kan kwalta, inda ƙarfe ya yi ta kartar hanya, ya bi kwana ya karkata zuwa rami. Motar Kyaftin na tsaye a karkace. Tirelar ta kwanta a gefenta. Kwalekwalen ya tsinke igiya ya kife a cikin ramin, Kyaftin na tsaye a kansa babu hula, yana ta ƙoƙarin ɗaga shi shi kaɗai.

“Yana ƙasa! Yana magana, wallahi yana magana!”

Babba ya dira tun babur bai gama tsayawa ba, ni da babur muka zube tare. Ya sa kafaɗa a gefen kwalekwalen, Kyaftin ya kama, wasu manoma biyu suka rugo daga gona suka kama. Suka ɗaga, suka ture shi gefe.

Auta na kwance rigingine a kan duwatsu. Goshinsa ya fashe kaɗan, ban da wannan ban ga jini ba. Idonsa biyu. Na yi hamdala da ƙarfi, har na fara yi masa faɗa ina kuka. Ya dube ni, sannan ya dubi yayansa.

“Yaya,” ya ce.

“Na'am. Ga ni. Kar ka motsa.”

“Na ga ta a bango.”

“Na sani. Yi shiru.”

Aka kwance tirelar daga motar. Ruwa ya sauko a lokacin, kamar da bakin ƙwarya. Suka ɗauke shi su huɗu suka shimfiɗa a kujerar baya, kansa a cinyata, ƙafafunsa a kan cinyar Babba. Kyaftin ya juya mota muka nufi asibiti, yana tuƙi yana sharar hawaye yana faɗin abin da ya yi da sifanar, babu mai sauraronsa.

Ni dai murna nake. Ɗana yana numfashi, yana magana, kuma da yayansa yake maganar. Ina shafa kansa ina jin suna 'yan maganganu ƙasa-ƙasa, Babba na cewa laifinsa ne da ya fizge wayar, Auta na cewa a bar zancen. Babba ya rungume ƙafafun nan biyu a ƙirjinsa, ya damƙe idon sawun da hannayensa na makanike, har jijiyoyin hannun suka fito, don kada gargadar hanya ta girgiza su.

Muka faɗa wani rami, motar ta yi tsalle. Auta ya runtse ido ya buɗe.

“Yaya.”

“Na'am.”

“Don Allah ka riƙe min ƙafafuna mana, kar su zame ƙasa.”

Babba ya dubi hannayensa, sannan ya ɗago ya dube ni. Ya ƙara matsawa, ina gani, har farcensa ya shiga fatar. Fuskar Auta ba ta canza ba, jira yake yi.

“Na riƙe,” in ji Babba.

“To ka riƙe sosai,” Auta ya ce. “Ban ji ba.”