Faifan da Ya Ƙi Nuna Wule

Ni dai iyakar sanina da faifan bidiyo shi ne a saka shi ya yi. Ka danna, na'ura ta miƙo harshe, ka ɗora mata, ta haɗiye, mutane su fito a talabijin suna rawa. Ban taɓa zaton akwai ranar da saniyar mahaifina za ta dogara da wannan abin ba.

Sunana Sadiƙa. Mutanen Kurawa ne mu, noma da kiwo muka gada. Shekarar da 'yan bindiga suka kore garkenmu suka kashe yayana Amiru, wanda shi ke kiwon, muka tattara komatsanmu muka dawo cikin Sabon Birni. Yanzu fura nake sayarwa a bakin tasha, da nonon da nake haɗawa da madarar gari. Ni, ɗiyar Labbo, da madarar gari! Kullum na kaɗa ta sai na ji kunya.

Amiru ɗan fari ne, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Baba ba. "Yaron nan" yake ce masa. Ko ranar da aka kawo gawar, abin da ya ce kawai shi ne, "Ku gyara wa yaron nan wuri." Daga nan bai ƙara tayar da maganar ba, mu ma muka kama bakinmu.

Ana nan sai labari ya zo cewa an ƙwato wasu shanu daga daji, an tara su a wani shinge bayan kara, wato kasuwar dabbobi, a garin Isa, kowa ya je ya duba nasa. Baba ya tafi, da yanar da ta fara rufe masa ido. Ya dawo da yamma. Wai ya ga Wule, jar saniyarmu mai farin goshi, wadda asalinta ya faro daga karsanar da kakansa ya ba shi. Duk garkenmu ita kaɗai ya gani.

Matsalar ita ce wani Ɗanmusa mutumin Kamarawa shi ma ya dafa ta ya ce tasa ce. Shaidar da ke cinyarta kuwa ɓarayin sun bi ta da wuta sun ɓata. Ardon da aka ɗora wa rabon ya ce kowa ya kawo hujja ranar kasuwa. Ɗanmusa na da maƙwabta da za su tsaya masa. Namu maƙwabtan wasu suna Maraɗi, wasu suna kabari.

Sai na tuna da faifan. Muntaka, ɗan ƙanen Baba, lokacin yana karatu a Sakkwato, ya zo Sallah ya ɗauki Amiru a waya tsakiyar shanu. Da ya koma ya buga shi a faifai da kwamfutarsa, ya aiko mana. A Kurawa babu wuta, bayan rasuwar kuma babu zuciyar kallo, sai ya yi ta zama a ƙasan akwatina tsakanin zannuwa. Muntaka yana can Agadas, wayarsa ta daɗe ba ta shiga.

Na zaro na'urar da aka yi mini kayan ɗaki da ita, na kakkaɓe, na jona ta da talabijin ɗinmu mai ƙeya, muka aro ƙaramin injin wuta a maƙwabta. Na fara gwada wani tsohon fim. Tar! Har da waƙa. Na ce alhamdulillahi, na cire, na saka namu da bismillah.

Na'ura ta yi ƙugi, ta yi shiru, ta sake yin ƙugi. Sai wani rubutun Turanci ya fito a kusurwa ya tsaya.

"An hwara?" in ji Baba, ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashi.

"Tukuna, Baba."

Na cire na goge da gefen gyale, na mayar. Rubutun nan dai. Na kife shi na saka, rubutun nan. Kafin wani lokaci matan gidan haya sun cika mana ɗaki, kowace da nata ilimin. Wata ta ce a shafa man goge baki. Na shafa, faifai ya yi ta ƙamshi, bai yi ba. Wata ta ce sanyin akwati ne ya kama shi, a shanya a rana. Wata ta ce a'a, rana ce ke kashe faifai. Wata ta ce a mari na'urar a ka, haka mijinta ke yi. Na mare ta, har da huce haushina. Aka sake saka tsohon fim ɗin don a tabbatar ban kashe ta ba, ya kama rawa abinsa, har matan suka gyara zama. Da ƙyar na kore su.

Da safe na ɗora na'ura a ka, faifai a cikin zane, na nufi rumfar Dalhatu mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Dattijo ne mai tabarau ɗaure da zare, rumfarsa cike da gawarwakin na'urori har rufi. Ya jona, ya saka, ya karanta rubutun.

"Cewa takai babu hwaihwai ciki."

"To mi nis sa mata? Ƙosai?"

"Hanƙuri za ki yi, ɗiyata. Ita ba ta ganinai."

"Tana ganin na rawa, ba ta ganin namu? Ƙabilanci takai?"

Ya yi dariya, ya ɗaga faifan yana duba bayansa a haske. Ya ce na kasuwa daban, na gida daban. A na gidan ma akwai mai alamar ƙari, akwai mai alamar ragi. Akwai wanda aka rufe bayan an buga, akwai wanda aka bari a buɗe. Na karɓa na jujjuya, ban ga ƙofa ba balle in san ko a rufe take. Ya ce kuma mai yiwuwa Muntaka bai buga shi a matsayin bidiyo ba, ajiya kawai ya yi.

"Malam Dalhatu, ka yi min Hausa."

"Awa gero na. Ke kin kawo mata zangarniya, ita ko gari ɗai ta iya ci."

"To a daka mata mana."

"Kwamhuta ka dakawa. Amma sai mai baki."

Na bi shagunan kwamfuta na garin nan ɗaya bayan ɗaya ina tambayar mai baki. Wasu suka ɗauka zagi ne. Waɗanda suka gane suka ce an daina yayin waɗannan, in kawo memori. Na ce abin yana cikin faifai. Suka ce to in tura shi a memori in kawo. Na ce da me za ni tura? Suka ce da kwamfuta mai baki. A shago na ƙarshe aka samu wata mai bakin, aka danna, aka zura allura, bakin ya ƙi buɗewa. Na fito kaina na juyawa, ga fura na can tana tsami.

Na koma wurin Dalhatu na zauna a benci na ce ba inda za ni. Ya dube ni, ya dubi rufin rumfarsa, ya fara sauko da gawarwaki. Wannan ta ce babu faifai. Wannan ta haɗiye ta ƙi amayarwa, sai da aka kwance ta. Wannan ta yi hayaƙi. Can ƙasa ya jawo wata baƙa mai tsagaggen murfi, ya ce ta fi tawa ƙuruciya da kaɗan. Ya soka igiya ruwan ɗorawa, ta hoto, ita kaɗai, don lasifikar talabijin ɗinsa ta daɗe da mutuwa. Muka zuba ido.

Rubutun bai fito ba. Hoto ma bai fito ba, gilashi baƙi ƙirin. Amma a goshin na'urar wasu korayen lambobi suka fara tafiya.

"Ta karanta!" in ji Dalhatu.

"To ina shanun?"

"Suna ciki."

"Na san suna ciki, Malam. Hitowa nika so su yi."

Ya sosa ƙeya. Ya ce wataƙila talabijin ɗinsa ce ta gaji, mu gwada da tamu. Wataƙila kuma ba ita ba ce. Na tambaye shi wanne ne a ciki, ya ce Allah ne masani. Ga shi dare ya yi an ɗauke wuta, gobe kasuwa, mai injin kuma ya tafi da abinsa gidan biki, sai da safe zai dawo da shi. Babu damar gwaji. Dalhatu ya ce zai rufe rumfa ya bi mu Isa da baƙar na'urar, don shi ma abin ya tsaya masa a rai.

Haka muka shiga mota da sassafe, talabijin a cinyata, inji a but, Baba rungume da igiyar da ya tuƙa da hannunsa don jawo Wule gida. Ganin igiyar nan ya fi komai tayar mini da hankali. Tsoro nake ji ƙwarai, don na san in ya koma da ita babu saniya, ba zai ƙara tashi daga tabarma ba.

Mun tarar da Ardo a gindin wata bishiyar bedi kusa da shingen, mutane kewaye da shi. An fito da jar saniyar an ɗaure a turke. Ɗanmusa na tsaye gefenta da shaidunsa. Na so in tsane shi, amma da na ga rigarsa da idanunsa sai na kasa. Shi ma irinmu ne, wanda aka kwashe wa komai.

Dalhatu ya ɗora talabijin a kan turmi, ya ja inji, ya soka igiya ruwan ɗorawa. Lambobi suka fara tafiya. Gilashi baƙi ƙirin.

"Dare anka ɗauke shi?" wani ya tambaya daga baya.

Aka yi dariya. Ardo bai yi ba, ya dai ce, "Labbo, ina hujjar?"

Baba ya juyo wajena. Ni na juya wajen Dalhatu. Gumi ya jiƙa masa riga, ya zare igiya ya busa ya mayar, ya canza rami, ya mari na'urar. Ashe shi ma ya san wannan maganin. Da dabara ta ƙare masa sai ya kama sauran igiyoyin biyu da ke reto, ja da fara, ya soka su don kada a ce bai yi komai ba.

Sai iska ta cika lasifika, da ƙarar kofato, da dariyar Muntaka. "Kira su mu gani," in ji muryarsa. Sannan Amiru ya yi kira.

Na manta yadda yake yinsa. Yakan ja shi dogo ya hau sama, ya karye a maƙogwaro, sannan ya bi shanun da sunayensu cikin Fillanci. Na durƙusa a ƙasa. Hoto dai babu.

Na dubi saniyar da ke turke. Tuƙa take abinta, ko kunne ba ta kaɗa ba. Na ce a raina shi ke nan, mun ɗauko faifai tun daga Sabon Birni mun zo mun ba da shaida a kan kanmu.

Sai aka ji kuka daga can ƙarshen shingen. Wata ramammiya ce, ƙaho ɗaya a karye, haƙarƙari a waje, fuska duk busasshen taɓo, wadda tun da aka kawo shanun ba wanda ya ce tasa ce. Ta ɗaga kai ta sake yin kuka. Amiru ya sake kira a lasifika, ta ratso tsakiyar shanu tana ture su, ta sa ƙirji ta karya karan shingen. Mutane suka watse. Dalhatu ya rungume na'urarsa.

Ta zo ta tsaya gaban talabijin tana huci. Ta shinshina gilashin. Ta zagaya baya ta leƙa, ta dawo gaba, ta sake zagayawa.

"Wace ta wagga?" in ji Baba, yana lalube da hannu. "Sadiƙa, mi ka hwaruwa?"

Na kama hannunsa na ɗora a goshinta. Ya murza taɓon da babban yatsa, ya ɓare, farin gashi ya fito.

Ardo ya yi gyaran murya ya ce wa Ɗanmusa ya kwance tasa ya tafi, Allah ya sa albarka. Bai tambayi kowa hujja a kan ramammiyar ba. Ɗanmusa ya kwance, amma bai tafi ba, ya tsaya yana kallo da igiya a hannu.

Faifan ya kai ƙarshe, lambobin suka tsaya. Wule ta ci gaba da zagaya talabijin tana kuka ƙasa-ƙasa, tana tura hanci a ramukan bayanta. Baba ya saki igiyar da ya tuƙa ta faɗi, ya rungume wuyanta ya jawo ta jikinsa.

"Bari nema, Wule," ya ce. "Ba shi ciki. Amiru ba shi ciki."