Gurbin da Inna Take Dannawa

Karo na shida ke nan kwamfutar tana watso wa Hayatu jan rubutu. Ya zuba mata ido kamar ɗan da aka aika kasuwa ya dawo hannu rabbana, sannan ya jawo kujera ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Wai akwai wani ɓangare da ba ta gani ba, kuma in babu shi ba za ta aza ko bulo ɗaya ba. Jiya da hannunsa ya sauke ɓangaren, ashe sabo ya ɗauko, ita kuwa tsohon take so. Ya yi murmushin takaici, ya share, ya koma nema.

A bakin shagon, kan titin da ya ratsa Talata Mafara, babura suna ta giftawa, wani direba ya zuro kai ta taga jijiyar wuyansa a tashe. Duk wannan bai shafi Hayatu ba. Yana ɗan shekara tara sanƙarau ya kwantar da shi, ya tashi ya bar jinsa a tabarmar jinya. Makarantar kurame ta ba shi karatu da maganar hannu, ta kuma haɗa shi da Taibatu, wadda ya aura. Sauran shi ya koya wa kansa, tun daga gyaran waya har karanta rubutun da ake gina manhaja da shi. Mutanen gari suna ce wa wurin shagon Bebe, alhali ga sunansa nan da fenti a saman ƙofa.

Wayarsa ta girgiza a kan tebur. Zauren 'yan gidansu ne, saƙo goma sha ɗaya, duk na murya. Ga na Yaya Ɗayyabu daga Bakura, ga na ƙanwarsa Bushra da ke aure a Maradun, ga na mahaifiyarsu Inna Batulu, wanda kullum ya fi na kowa tsawo. Abin da Hayatu yake samu daga ciki shi ne wani zane mai haƙora kamar na zarto, da adadin mintuna a gefe. Ya roƙe su su riƙa rubutawa har ya gaji da roƙo. Su ce to, su yi kwana biyu, yatsa ya koma inda ya saba.

Damina ta bara kawunsu ya rasu a Maradun. Hayatu ya ga saƙonni sun haura arba'in, ya ɗauka shirin biki ake yi. Sai a kwana na uku wani mai kawo gyara ya kama hannunsa ya yi masa gaisuwa. Da ya isa gidan makoki, Ɗayyabu ya karɓi wayarsa ya rubuta masa, ba da faɗa ba, da mamaki: ai mun faɗi a zaure. Wannan mamakin ne ya fi ƙona masa rai, don ya san yayansa yana sonsa, mantawa kawai yake yi cewa akwai shi.

Tun daga nan ya shiga bincike har ya samo wata manhajar aika saƙo wadda masu ita suka baje rubutunta na asali a fili, kowa ya ɗauka ya karanta, ya gyara yadda ransa yake so. Shi gyara ɗaya tak yake nema. Zai cire madannin nan na ɗaukar murya, ya bar wa 'yan uwansa haruffa kawai.

* * *

Da azahar Taibatu ta kawo abinci, 'yarsu Amira tana goye a bayanta. Sunan Inna yarinyar ta ci, shi ya sa ake sakaya shi da Amira, shekararta ɗaya da rabi, kuma ita kaɗai ce mai ji a gidan. Taibatu ta ajiye kwano, ta leƙa allon kwamfutar, ta ga ja, sai hannayenta suka fara aikin da suka fi ƙwarewa a kai, wato tsokana. Ta ce ya zura ido kamar tsoho mai neman watan Sallah. Ta ce me ya hana shi ɗaukar manhajar da aka gama, kamar kowa?

Ya nuna mata kwanon miya. Wadda aka gama, in ji hannunsa, kamar miyar sayarwa ce, yadda ta zo haka za ka sha. Amma in kai ka dafa, kana iya hana ta barkono.

Taibatu ta ɗaga gira. “Ka tambayi masu sha?”

Ya yi dariya ya kai loma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ya daɗe yana kwana cikin ruwa.

A karo na bakwai jan rubutu bai fito ba. Fararen layuka suka riƙa gudu sama, ya ɗora tafin hannu a gefen kwamfutar yana jin ɗumin iskar da take hurowa, ba ya ko son ƙiftawa. Bayan kamar minti ashirin komai ya tsaya, layi guda kore ya bayyana. Ya zuba manhajar a wayarsa da ta Taibatu, ya haɗa su da ɗan gurbin da ya tanada a intanet inda saƙonni za su riƙa sauka, ya raɗa mata suna Tsakar Gida. Saƙo na farko da ya bi ta cikinta shi ne: gishirin miya ya yi yawa. Amsa ta zo daga taku biyu: gobe ka dafa taka, tunda ka iya. Suka yi ta dariya har Amira ta farka tana kallonsu.

* * *

Ran Juma'a ya shiga mota zuwa Bakura. Da ya zo sa manhajar a wayar Ɗayyabu, wayar ta yi gargaɗi cewa ba ta san inda abin ya fito ba. Ɗayyabu ya ja baya kamar an miƙo masa maciji, sai da Hayatu ya bugi ƙirji ya nuna cewa daga nan ta fito, sannan ya yarda.

Wayar Inna kuwa 'yar ƙarama ce, cikinta ya cika. Hayatu ya share tsohuwar manhajar don sabuwa ta samu wuri. Yana sunkuye yana wannan aiki Inna ta taɓo babban ɗanta.

“Ɗayyabu, mi yaka yi ma wayata?”

“Wani abu na yag gina da kainai, Inna.”

“To in na yi magana ciki, shina samu?”

“Shina samu mana,” in ji Ɗayyabu, idonsa na kan takalmansa, don an kira salla kuma yana da ban ruwa a fadamar shinkafa bayan an sauko.

Da Hayatu ya ɗago a lokacin, da wataƙila ya tsinci wani abu a leɓen yayansa. Bai ɗago ba. Abin da ya gani kawai shi ne Inna ta karɓi wayar da hannu biyu, ta shafa kansa kamar ba magidanci ba, fuskarta cike da farin ciki. Washegari ya wuce Maradun ya sa wa Bushra.

Makon farko ya yi daɗi ƙwarai. Ya san ranar da akuyar Bushra ta haifi tagwaye, ya san tsuntsaye sun dami shinkafar Ɗayyabu, har ya sa baki a gardamar wanda ya fi rowa a gidansu. Rabonsa da ya san abin dariya a lokacin da ake dariyarsa, ya manta. A mako na biyu saƙonni suka ragu. A na uku daga shi sai Taibatu a Tsakar Gida, sauran sun koma tsohon zaure inda baki yake hutar da yatsa. Wannan bai ba shi mamaki ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne Inna. Ko zanen zarton nan nata da ya saba gani kowace safiya, yanzu babu. Ya fara tunanin ko fushi take yi da shi.

* * *

Da hantsi ya isa gidan Inna a Bakura. Daga bakin zaure ya hango ta a ƙarƙashin rumfa, faifan shinkafa a cinya, ba ta gan shi ba. Ta ajiye faifan, ta goge hannu a zane, ta ciro wayar daga lalita. Ta buɗe Tsakar Gida ba tare da ta yi kuskure ba. Sannan ta ɗora babban yatsa a kusurwar ƙasa ta dama, daidai inda madannin murya yake zama a da, inda yanzu babu komai sai fili, ta kai wayar bakinta ta fara magana.

Ta daɗe tana yi. Ta yi dariya a wani wuri, ta nuna wajen turken awaki da haɓa kamar yana gabanta. Ta share ido da gefen mayafi, ta ci gaba. A ƙarshe ta buɗe tafin hannu ɗaya sama, ta shafa a fuska, ta ɗaga yatsan a hankali kamar mai rufe tukunya.

Sai a lokacin Hayatu ya gane. Inna ba ta taɓa zama a aji ba, bai kuma taɓa ganin ta rubuta ko harafi ɗaya ba. Ya san haka tun yana yaro. Wata uku ya yi yana bin layi dubbai yana neman abin da ya ɓace, bai tuna da wannan ba. Garin neman gira ya rasa ido, kuma idon ba nasa ba ne.

Da ta gan shi ta miƙe da murna. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya karɓi wayar. Babu saƙo ko ɗaya da ya fita cikin kwana ashirin da uku. A kusurwar nan gilashin ya dushe da shatin yatsa. Inna ta kamo haɓarsa ta juyo da fuskarsa gare ta, yadda take yi tun bayan jinyarsa, ta buɗe baki sosai don ya karanta.

“Ka samu na jiya? Da na shekaranjiya?”

Hayatu ba ya son amfani da muryarsa, don ya sha ganin yadda fuskokin mutane suke canzawa in ta fito. Amma ya tattaro ta daga inda ya ajiye ta.

“Na samu, Inna.”

“Madalla,” ta ce. “To ka riƙe abin da nac ce maka.”

Ya gyaɗa kai. Da ya sami Ɗayyabu a fadama ya nuna masa, kunya ta kama yayan, sannan ya rubuta da yatsa mai laka: kar ka damu, addu'a ce kawai irin ta tsofaffi.

* * *

Layukan da ya cire suna nan, bai jefar ba, gefe ya tura su. Ya mayar da su mazauninsu, ya sa kwamfutar ta sake gini, ta kuwa gama a karo ɗaya kamar mai yi masa gatse. Taibatu ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta dai tsaya a bayansa ta dafa kafaɗarsa har koren layin ya fito. Ya koma Bakura a ranar, ya ce wa Inna wayar ce take son 'yar dubawa.

Da safe saƙon Inna ya shigo, minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu. Ya daɗe yana kallon zanen, yana jin daɗin ganinsa kamar fuskar wanda ya dawo daga tafiya. Sai ya tura shi tsohon zaure, ya rubuta a ƙasa: don Allah wani ya rubuta mini abin da Inna ta ce. Alama ta nuna duk sun gani. Ɗayyabu ya aiko da hoton babban yatsa. Can an jima Bushra ta amsa, da murya, daƙiƙa tara.

Da ya koma gida cin abincin rana, ya tarar da Amira a tabarma tana fama da murfin kwano. Ya zauna, ya ɗora ta a cinya, ya kunna saƙon ya kara mata a kunne. Yarinyar ta saki murfin. Idanunta suka buɗe, ta juya tana neman mai maganar a bayan ƙofa. Taibatu ta bar tukunya ta zo ta durƙusa a gabansu, su biyu suka zuba wa 'yar fuskar ido. Wajen minti na biyu Amira ta ƙyalƙyale da dariya, ta tafa hannu, ta motsa baki ta mayar da wata amsa. Kusa da ƙarshe ta yi lamo, ta kwantar da kai a ƙirjin ubanta.

Taibatu ta nuna yarinyar, ta kwaikwayi riƙon alƙalami, sannan ta ɗaga yatsu shida tana murmushi: shekara shida, ta iya rubutu, ta rubuta musu duka. Hayatu ya mayar mata da murmushin. Inna ta haura saba'in, amma bai ɗaga hannu ya faɗi wannan ba. Ya adana saƙon a wuri uku, ya mayar da shi farko, ya sake kara wa Amira a kunne, yana jiran minti na biyu.